Mai Hanci a Sabon Gidan Yaya

Mai Hanci ake ce masa, ba don hancin ya fi na kowa girma ba, sai don da shi yake neman abinci. Sana'arsa gyaran gidajen da ruwa ya yi wa ɓarna. In bututu ya fashe a cikin bango, ko rufi ya yi yoyo, ko ruwa ya kwana a falo har fumfuna ta fito baƙi ƙirin a kusurwa, shi ake kira. Zai zo da motarsa shaƙe da manyan fankoki da injin zuƙe ruwa da buroshi, amma duk a waje yake barinsu tukuna. Ya tuɓe takalmi, ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya lumshe ido ya ja numfashi. Sannan ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ya manna kumatu inda ya ji sanyi, ya ce, "Nan ne."

Da can mai fenti ne. Ya gaji da rufe tabo bana, baɗi tabon ya leƙo yana gaishe shi, shi ya sa ya sake layi. Kowane mai gida ya san karatunsa: a nemo inda ruwan yake fitowa, a tsayar da shi, a busar, a kankare, fenti shi ne auta.

Illar kawai, hancin bai san ranar hutu ba. Ko dubiya ya je, kafin ya tambayi mai jiki ya tambayi silin. Haka ya yi a tsohon gidan yayar matarsa. Falo cike da baƙi, ana tsakiyar hira, ya tashi ya ce wa mutane su ɗan ɗaga, ya janye doguwar kujera, ya nuna wa duniya fumfunar da ke bayanta. Shi a ganinsa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yaya kuwa ta nuna masa ƙofa, ta kuma daina ɗaukar wayar ƙanwarta. Matarsa ta daɗe tana wannan baƙin ciki, don su biyu kaɗai uwarsu ta haifa.

Sai ga shi Yaya ta koma sabon gida, ta aiko su zo cin abinci, har da cewa lallai a zo da shi.

A mota matarsa ta kashe rediyo.

"Baban yara, dube ni. Da ƙyar Allah ya sauko mini da Yaya. In ka sake raba mu, ni da kai ne."

"Ni me na yi? Kujera kawai na..."

"Ba shinshina. Ba ƙwanƙwasa bango. Ba manna fuska. Duk abin da aka nuna maka, ka ce ya yi kyau."

"Numfashi fa?"

"Ta baki."

Ya yi alkawari, har da ɗaga hannu daga sitiyari.

Tun daga ƙofa ya san yau akwai aiki. An fesa turare kamar za a kori aljani, amma a ƙarƙashin turaren ga tsohon abokin gabarsa nan kwance, warin danshi. Duk tagogi a buɗe. An jingina doguwar kujera da bangon da ke haɗe da banɗaki, an kuma rataye wani ƙaton hoto ƙasa-ƙasa, inda ba mai rataye hoto sai mai ɓoye wani abu. Mijin Yaya ya miƙo masa hannu, atishawa ta riga gaisuwar fita. Mai Hanci ya buɗe baki kamar kifi ya shiga numfashi ta nan.

"Mura kake yi?" in ji Yaya.

"Lafiyarsa ƙalau," matarsa ta karɓe. "Santin gidan yake yi."

Ba a ko kawo ruwa ba Yaya ta ce ya taso ta zagaya da shi, shi da ya san gini. Ta tsayar da shi daidai gaban kujerar.

"Ya ka ga bangon nan?"

"A tsaye yake, Yaya."

"Fentin fa?"

"Ya yi kyau."

Mijin Yaya ya share hanci ya ce, "Taɓa mana ka ji laushinsa."

Yatsun Mai Hanci suka fara ƙaiƙayi. Ya cusa su cikin aljihu ya damƙe. "Ai daga nan ma ina jin laushin."

Suka shiga ɗakin kwana. Yaya ta buɗe wadirob ta bar shi a buɗe, ta tsaya tana kallonsa. Warin ya daki fuskarsa har idonsa ya kawo ruwa. Ya hango takalman maigidan a ƙasa sun fara gemu kore-kore. Ya ɗaga kai sama don ya tsira, sai ya ci karo da tabo a silin mai faɗin tire. Ya mayar da ido kan matarsa. Ta yi masa murmushin da rabonsa da shi tun suna amarci.

"Wadirob ɗin akwai zurfi," ya ce.

Wurin cin abinci aka ba shi kujerar da ke kallon hoton. Zufa ta jiƙa masa riga. Yana tauna, yana numfashi ta baki, yana yabon labule. Shi dai ya ga yana cika alkawari, amma fuskar Yaya sai ƙara haɗewa take yi. Can ta ajiye cokali, ta juya wajen ƙanwarta kamar ba ya wurin.

"Ashe mijinki riƙo gare shi haka?"

"Riƙo kuma, Yaya?"

"Mutumin da ko gidan makoki ya je sai ya duba rufi, yau ni ce zai ce wa bango a tsaye yake? Na kai shi gaban abin, na buɗe masa wadirob, saura in kama hancin in goga masa. Mun yi fenti, tabon ya dawo. Mun sake, ya dawo da 'yan'uwansa. Bawan Allahn nan tun da muka tare yake atishawa. Shi kuma mijin nan naki so yake sai na durƙusa, don na taɓa korarsa? To na gode. Ku ci ku tafi."

Mai Hanci ya buɗe baki, ya tuna alkawari, ya rufe, ya tuna numfashi, ya sake buɗewa. Matarsa ta dubi yayarta, ta dubi hoton da ke rataye a gwiwar bango, sannan ta dafe goshi.

"Yaya, ni na ɗaure shi. Tun a mota."

"Kin ɗaure me?"

"Hancin." Ta juyo. "Baban yara, shaƙa."

"Da hanci?"

"Da hanci."

Ya lumshe ido ya ja wani dogon numfashi, kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya miƙe ya sauke hoton, ya bi bangon da ƙwanƙwasa har bayan kujera, ya manna kumatu.

"Bututun banɗaki ne, yana tsiyaya ta ciki. Na silin kuma daban ne, wannan daga rufi. Ku bar fenti ya huta. Za mu fasa nan, fankokina su kwana biyu a gidan, takalman kuma a fitar da su rana kafin su yi jikoki."

Mijin Yaya ya yi atishawar amincewa. Matar Mai Hanci ta fara dariya, Yaya ta harare ta, sai ita ma abin ya ƙwace mata, ta kai wa ƙanwar dundu a baya.

Mai Hanci ya kama hannun doguwar kujerar, sai ya tsaya cak, ya waiwayo.

"Yaya, in janye?"

Yaya ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta zagayo ta kama ɗaya gefen.

"Ɗaga, malam. Kana ɓata mana lokaci."