Batir na Huɗu a Keken Bappa Hamidu

Shekaru sun ja, amma ban taɓa iya mantawa da ranar da aka kira ni da wayar Bappa Hamidu ba, muryar kuma ba tasa ba. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya, don na gaji da jin kuna alfahari da gudun abin da kuka haɗa.

Lokacin gari ya cika da shingayen jami'an tsaro. Duk inda aka jera buhunan yashi, tun daga nesa za ka sauka, ka tura abin hawanka da hannu. Wanda bai tsaya ba, babu mai tambayarsa dalili, sai harbi. Ni kuwa ina rumfata a Pantami, ina gyaran janareto da babur.

Bappa Hamidu dattijo ne daga Hammadu Kafi, ƙanƙara yake kai wa masu sayar da lemo. Yana da keke mai batir da ɗan'uwansa ya kawo masa. Wata safiya ya jingina shi a rumfata, buhun ƙanƙarar yana ɗiga.

"Injiniya, shingaye uku nake wucewa. Kafin in isa, rabin kayan ya koma ruwa. Kuma a hawa keken nan nishi yake yi kamar ni."

"To Bappa, ku biyun kun tsufa ne."

"Ni ba ni da gyara. Shi yana da shi."

Ga wanda bai san aikin ba: keken batir uku gare shi, kowane ƙarfinsa sha biyu, ya zama talatin da shida. In ka ƙara na huɗu ya koma arba'in da takwas. Dole ka canja kwantirola, wato abin da ke raba wa injin wuta, in ba haka ba ta ƙone. Na canja. Na sa waya mai kauri, na yi waldar akwatin ƙarfe na zuba batiran a ciki. Aiki mai tsabta, ko yau ba na jin kunyarsa.

Na hau na gwada a layinmu, inda ƙasa take a shimfiɗe, ba kaya a baya. Na matsa birki ya kama. Robar birkin na gan ta, ta cinye, siririya ce irin ta keken yara. Na ce a raina ta kai mako. Rana ta yi zafi, janareto biyu na jira na. Ban ce wa Bappa komai ba.

Kwana biyu bayan haka, wajen azahar, aka kira.

"Kai ne mai gyara? Zo shingen gangare yanzu."

Na tarar an kori mutane nesa. Keken na kwance a lambatu, akwatin ya fito da wayoyinsa ja da baƙi kamar bam. Bappa yana zaune a ƙasa riƙe da hannunsa na dama, wanda ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Ruwan ƙanƙara ya jiƙa ƙarfen tayar, ga nauyi, ga gangara, ga sabon gudu. Ya matsa birki keken bai ji ba. Da ya ga an ɗaga bindiga, sai ya karya kan keken ya faɗa lambatu da gangan, taku kaɗan kafin buhunan yashin.

Babban jami'an shingen, wani saje da idanunsa suka yi ja don rashin barci, ya nuna akwatin.

"Kai ka haɗa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Buɗe. Kai kaɗai."

Na kwance noti huɗu, na jera batiran a kan kwalta. Ya matso ya leƙa, ya sauke numfashi.

"To me ya hana shi tsayawa? Aikinka ne?"

Kafin in buɗe baki Bappa ya ce, "A'a, yallaɓai. Aikin yaron nan lafiya lau. Hannuna ne ba ƙarfi."

Shekarata arba'in da biyar a lokacin, ya ce mini yaro, ya rufa mini asiri. Ni kuma na bar shi ya rufa. Sajen ya ce mu kwashe tarkacenmu.

Hannun bai koma daidai ba, sana'ar ƙanƙara kuma ya bar ta. Na je gidansa na faɗa masa gaskiyar robar birkin. Ya ce ya sani tun yana cikin lambatu, ya ce in sha fura.

Ba ni da karatu mai zurfi, amma ga abin da na koya. Duk mai zuwa wurinmu gudu yake nema, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce a ƙara masa tsayawa. Wannan mu ne za mu tuna masa. Shi ya sa in kun kawo mini keke kuna zumuɗin batir na huɗu, nake sa ku ɗora buhun siminti, ku watsa wa tayar ruwa, ku sauko gangara. In ya tsaya inda na ja layi, sai mu yi maganar wuta.