Faifan Baba da Kwamfutocin Yaya Uku

Yayata ba ta gama sakandare ba, ni kuwa digiri gare ni a kan kwamfuta, amma duk wanda faifansa ya ƙi buɗewa a unguwarmu wurinta yake nufa. Gara in faɗa tun yanzu kada a ce na ɓoye: abin yana ci mini rai, ya fi shekara goma yana ci.

Da buga takardu ta fara, a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da labule. Tebur ɗaya, kujerun roba biyu, sai fanka mai ƙara kamar za ta faɗo. Da mutane suka fara kawo aikinsu a faifan CD, irin wanda ake gogewa a sake rubutawa, sai rigima ta kunno kai. Mutum zai rantse a gida ya buɗe lafiya lau, a shago kuma ya ƙi. Sauran masu shaguna sai su ce faifan ya mutu, a sayi wani. Yaya ce ta lura ba mutuwa ba ce, rashin jituwa ne. Kwamfutoci ba tsarinsu ɗaya ba, kowace da yadda take shirya faifai kafin ta yi rubutu a kai, kuma abin da wannan ta shirya ba lalle waccan ta gane shi ba. Ba wanda ya koya mata. Ni an koya mini, har jarrabawa na ci a kai, na manta.

Sai ta shiga tsintar tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka yar, har ta haɗa uku, kowace da nata tsarin. Ta raɗa musu suna: Tsohuwa, Baƙuwa, da 'Yar Gayu. In ka kawo faifai ba za ta sa shi ko'ina ba sai ta tambaye ka, "A ina aka rubuta shi?" Ta rubuta amsar a bayansa da alƙalamin maka, ta sa shi a wadda ta dace, ta kwashe abin da ke ciki. Daga nan ta zuba a sabon faifai da tsohon tsarin da kowace kwamfuta ke ganewa, ta rufe shi yadda ba za a ƙara rubutu a kai ba, ta gwada a duka ukun a gaban idonka. Doka ɗaya gare ta, kuma ta faɗa har kunnena ya gaji: "In kwamfuta ta yi maka tambaya a kan faifan da ba ta gane ba, kada ka amsa mata. Ciro abinka."

Wannan fa shi ne duk ilimin, ba wani abin a zo a gani ba. Amma ka ga akawun lauya a layi, ka ga shugaban makaranta da sakamakon ɗalibai a hannu yana ce mata ranki ya daɗe. Ranar da ta fi ƙona mini rai, ogana ne da kansa ya miƙo mini faifai a ofis ya ce, "Kai wa matar nan ta ƙarƙashin bene, ita ce ta san kan abin." Bai san yayata ba ce. Ni ma ban faɗa masa ba.

A gida ma haka. Ko rimot ne ya ƙi aiki, ina zaune da digirina, Mama za ta ce, "Auta, bari Yayarki ta zo ta duba."

Shekara uku bayan rasuwar Baba, Mama tana share aljihun keken ɗinkinsa sai ta ci karo da faifai a cikin tsohuwar ambulan. Nan take ta tuna. Wani mai hoto maƙwabcin shagon Baba ya taɓa ɗaukar sa bidiyo yana ɗinki yana zuba surutu, kusan minti ashirin. Mai hoton ya rufe shago ya bar gari da daɗewa, ba wanda ya san inda ya nufa. Hotunan Baba muna da su, amma muryarsa babu ita ko'ina sai a wannan faifan. Mama ta riƙe shi da hannu biyu ta ce, "Ki biya ki kai wa Yayarki. Ina so in ji muryarsa ko sau ɗaya ne."

Na sa a jaka, na wuce ta gaban shagon Yaya ko waiwaye ban yi ba. Na ce yau dai ni zan kai wa Mama muryar Baba, ta san ba a banza aka kai ni makaranta ba.

A ofis na sa shi a kwamfutata, sabuwa dal. Ta yi ta juya shi, can sai ga tambaya a allo: wannan faifan yana bukatar a shirya shi kafin a yi amfani da shi, a shirya? Na ciro, na goge da gefen mayafina, na mayar. Tambayar ta dawo. Wallahi na tuna dokar Yaya, da muryarta ma na ji ta a kunnena. Don dokarta ce ma na ƙi bi. Na ce wa kaina ai shiryawa aka ce, ba gogewa ba, kuma me mai buga takardu ta sani da ban sani ba? Na danna.

Da ta gama faifan ya buɗe. Babu komai a ciki.

Da yamma na shiga shagon da faifan. Yaya ta karɓa ta ce, "A ina aka rubuta shi?"

"Mai hoton nan na kusa da Baba."

"Kwamfutarsa irin 'Yar Gayu ce. Minti biyu ya buɗe."

Ta sa, ta duba allo, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juyo. "Auta, kin amsa mata?"

Na kawar da kai. Da ta zage ni da na samu sauƙi, don na shirya rashin kunyar da zan mayar. Sai kawai ta tashi ta ba masu jira haƙuri, ta ja ƙofar shago. Kwana biyu ba ta karɓi aikin kowa ba, tana bin faifan daga Tsohuwa zuwa Baƙuwa tana tono abin da gogewar ta rage. Daga minti ashirin, daƙiƙa goma sha ɗaya ta ceto.

Ta ɗauko 'Yar Gayu zuwa gida, ta jona a falo. Ga Baba a kan keke, tef ɗin awo a wuya, ƙafa tana taka feda. Ya ɗago ya dubi mai ɗaukar, ya yi dariya ya ce, "To, an fara ne?" Shi ke nan, allo ya yi baƙi.

Mama ta ce, "Sauran fa?"

Na buɗe baki, ban san ko gaskiyar zan faɗa ba, Yaya ta riga ni. "A hannuna ya lalace, Mama. Ki yafe mini."

Sau biyar Mama ta sa aka maimaita mata, tana share ido da bakin zane. Ni ina gefe zuciyata tana tafasa, kuma ba kunya kaɗai ba ce. Laifin ma da yake nawa ne ni kaɗai, shi ma ta ɗauke ta ƙara wa kanta girma da shi.

Mama ta dafa kan Yaya ta ce, "Ba komai. Abin da ya gagare ki ai ba mai iyawa. Allah ya yi miki albarka." Sannan ta juyo wurina. "Auta, ba ki ga ta gaji ba? Kawo wa Yayarki ruwa."

Na tashi na kawo.