Tsohon Bukkar Hanyar Dauran

A duk shekarun da na yi ina tuƙi a kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Laraba a ƙarshen damina, a hanyar Dauran.

Ga wanda bai san tsarin ba, sansaninmu yana Kaura Namoda, aiki kuma yana ƙauyukan Zurmi. Motar 'yan sanda a gaba, tamu a baya. Doka ta ce ba tsayawa a daji, ba ɗaukar wanda ba ma'aikaci ba. Direban da ya karya, ya ajiye makulli ya kama gabansa.

Wanda nake tuƙawa wani dattijon injiniya ne ɗan China, muna ce masa Baba Shayi don ba ya rabuwa da kofi. Turancinsa gurgu ne, nawa ma ɗingishi yake yi, shi ya sa muka fahimci juna har na zama tafinta. Mutumin nan ya haddace waƙoƙin ƙasarsu na dā. Kullum a mota sai ya rera, ya fassara mini. Kusan duk magana ɗaya ce: babban ma'aikacin sarki ya gaji da fada, ya ajiye muƙami, ya hau dutse ya kafa bukka, yana shuka fure yana kallon gajimare, babu mai yi masa sallama. Na ce masa a nan wanda ya yi haka, dangi malami za su nemo masa. Bai yi dariya ba.

To akwai wata bukka ita kaɗai a gindin tsamiya, da wani tsoho kullum zaune a ƙofa. In mun zo wucewa sai ya ɗaga hannu, Baba Shayi ma ya ɗaga masa da murna. Ya ce ai ga mutumin cikin waƙa.

Ran nan Baba Shayi ya kafe sai an tsaya. Saje Bitrus, shugaban masu rakiya, ya sauko ya ce, "Oga, ba da yawuna ba, kuma a yi sauri."

Muka yi sallama. Tsohon ya ja jiki ya bar mana tabarma, ya miƙo ruwa a ƙwarya. Nan na lura ƙafarsa ɗaya a kumbure take. Baba Shayi ya rusuna ya ce in gaya masa manyan mawaƙan ƙasarsu irin zamansa suka zaɓa, kuma shi kansa yana sha'awar wannan shiru. Na fassara kaf. Tsohon ya bari baƙo ya gama, sannan ya ce:

"Ɗana, ka gaishe shi. Garinmu na nan bayan ciyawa, kangaye. Ɓarayin daji sunka tashe mu, kowa ya gudu, ni ƙahwa ta hana. Masu itace ka aje min ɗan gari. Ɗiyata na Kaura. Hannun da nika ɗagawa, ba gaisuwa nika yi ba. Tambaye shi ko akwai wuri ga mota."

Na san wannan magana za ta iya raba ni da makullina. Amma na fassara, ban rage komai ba.

Saje ya tuna mana doka. Sai injiniya ya cire hular kwanonsa da rigar aiki mai ƙyalli, ya sa wa tsohon, ya ce, "Ma'aikaci ne. Yanzu na ɗauke shi." Saje ya dubi tsohon sama da ƙasa, ya ce, "To ma'aikaci ya shiga, rana na yi." Ni da Saje muka cicciɓi tsohon.

Har Kaura ba a rera waƙa ba. Muka sami gidan ɗiyar bayan tashar jirgin ƙasa. Da ta leƙo ta ga ubanta cikin hular kwano, sai ta zube ƙasa tana salati. Ashe tuni ta karɓi ta'aziyyarsa. Wallahi ni ma sai da na juya baya na share ido.

Washegari manaja ya nemi bayani. Baba Shayi ya ce ya ɗauki ma'aikaci da safe, ya sallame shi da yamma saboda tsufa. Makullina bai bar aljihuna ba.

Abin da nake gaya wa sababbin direbobi ke nan. A hanyoyin nan namu babu mai zama shi kaɗai don sha'awa. In kun ga mutum a daji shi ɗaya, ku tambaye shi ina sauran.