Kwalbar da na ɓoye a kan sif

Bari in faɗa tun yanzu, kada wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ni ɗin nan da na yi aji huɗu a elementare, nake karanta wa maƙwabta takardar asibiti a ƙofar gida, tabarau a kan hanci, har wasu na ce mini Malam Likita ina amsawa.

Ƙamshin maganin yara ne ke tayar mini da zancen, irin garin nan na cikin kwalba da ake zuba wa ruwa a girgiza. Da na shaƙe shi sai in ga ɗakin kakata a cikin birni, da kwallarta mai murfi a ƙarƙashin gadon ƙarfe. A cikinta take ajiye jar kanwa, da man zafi, da kafso ja da yalo ƙulle a bakin tsumma. Idan damina ta sauka, zazzaɓi da tari suka shigo gida, sai ta buɗe kafso ɗaya ta kaɗa a koko, ta matse yaro tsakanin gwiwoyinta ta ɗura masa. Dokarta ɗaya ce: ranar da mara lafiya ya nemi tuwo da bakinsa, magani ya gama aiki. “A bar wa na baya,” in ji ta, ta mayar da saura cikin kwalla. Haka aka yi mini, haka aka yi wa ƙannena. Ni kuwa na ɗauki wannan karatu na riƙe fiye da duk abin da aka koya mini a aji.

Daminar bara jikana, ɗan shekara uku da nake kira abokina, ya kwanta da ciwon haƙarƙari. Likita ya auna nauyinsa, ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce kwana bakwai, safe da rana da dare, da ɗan sirinjin awo da aka haɗo da shi. A kwana na biyu aka yi wa uwarsa rasuwa a Batagarawa, ta tafi ta bar shi a hannunmu ni da uwargida. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, “Baba, don Allah kada a tsallake ko sau ɗaya.” Na ce ta tafi da hankalinta kwance, ai gidan masu ilimi ta bar shi.

Kwana na uku abokina ya tashi ya kori kaji, ya cinye tuwon da aka ɗumama mini. Na dube shi, na dubi kwalbar, ga ta fiye da rabi. Na ce a raina, wannan ai almubazzaranci ne. Na ɗora ta a kan sif, bayan akwatin huluna, don ƙanwarsa ma ta fara atishawa. Uwargida ta tambaya, na ce ni zan riƙa ba shi da kaina. Ban yi ƙarya ba sosai. Ruwan zuma nake ba shi.

Ana kiran azahar a kwana na shida uwargida ta ƙwala mini kira da muryar da ban taɓa ji ba. Na tarar da yaro kwance a tabarma, jiki kamar garwashi, numfashi sama sama, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska. Na kira shi abokina, bai buɗe ido ba. Ban san lokacin da na saɓe shi a kafaɗa na fita ba takalmi ba. Muka tare keke mai ƙafa uku a Ƙofar Ƙaura, ruwa ya fara sauka, hanya ta cushe. Ina jin zafin yaron yana ratsa rigata, ina ƙirga numfashinsa ina ɓacewa.

A asibiti wata ma'aikaciya, ba ta kai 'yar autata ba, ta karɓe shi ta sa masa iskar numfashi. Ta duba katinsa ta ce, “Baba, ya shanye maganin da aka rubuta?”

Na ce, “To, ya sha wanda ya ishe shi.”

Ta ajiye biro. “Kwana nawa?”

Uwargida ta juyo tana kallona. Na ce uku.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi mini zafi. Ta ce sauƙin da na gani ba warkewa ba ne, ƙwayoyin sun yi laushi ne kawai, waɗanda suka rage su ne masu taurin kai, kuma yanzu sai an koma allura. Da na ambaci ƙanwarsa, sai ta ce mura ba ta buƙatar irin wannan magani, kowane yaro da awonsa gwargwadon nauyinsa, kuma garin da aka riga aka jiƙa kwanakinsa ƙidayayyu ne, in je in zubar.

Kwana huɗu muka yi a can. Uwar yaron ta zo a guje da mayafin zaman makoki, ta gaishe ni kamar kullum, ta wuce wurin ɗanta. Da ma zagina ta yi. A rana ta uku abokina ya buɗe ido ya ce in ba shi hulata. Na cire na ba shi, na fita baranda don kada a ga fuskata.

Yanzu a gidanmu akwai takarda manne a bango, ana ja mata layi duk lokacin da yaro ya sha magani, kuma an cire ni daga wannan ofis ba tare da sallama ba. Kwallar kaka ma da na gada, goro ake zubawa a ciki.

Ranar da aka sallamo mu, da na ga hankali ya kwanta, sai bakina ya dawo. Na gyara zama a tabarma na ce, “Amma fa mu da haka aka rene mu, ga mu nan da ranmu har da furfura.”

Uwargida ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, “Malam, ku tara mahaifiyarka ta haifa, ku uku kuka rayu. Je ka kirawo mini sauran shidan su zo su ba da shaida.”