Bishiyar Mama da na kashe a GRA

Shekarun baya, ina aikin lambu a gidan wata dattijuwa a GRA ta Bauchi, 'yar kudancin jihar nan, muna ce mata Mama. Tana da wata 'yar bishiya a tukunya, ganyenta sirara kamar allura, kore shar rani da damina. Ɗanta ne ya kawo mata daga wata ƙasa mai duwatsu da sanyi, shekara guda kafin ya rasu.

Tun ranar farko ta gaya mini cewa wannan ba mangwaro ba ce. A kan tsaunuka take fitowa, ba ta son zafi. In bar ta a inuwar baranda, kada ƙasarta ta bushe, kada kuma ruwa ya kwanta. Na ce to, amma a raina ina dariya. Ni da na tashi a gona a ƙauyen Miri za a koya wa shuka?

Da bazara Mama ta tafi ƙauye sati biyu. Na dubi bishiyar, shekara guda ba ta ƙara ko taƙi ɗaya ba. Na ce rana ta rasa. Na fitar da ita tsakar gida, na zuba mata kashin kaji. Cikin kwana biyar ta koma ja, ganyen na zuba.

Tsoro ya kama ni. Na je wurin masu sayar da shuke-shuke a bakin titi, na samo wata mai kama da ita, na dasa a tukunyar. Na san idon Mama ya yi rauni.

Abin da na manta, kullum da safe sai ta murza ganyen ta shinshina. Washegarin dawowarta ta murza, ta kai hanci. Sannan ta ce, "Ɗana, ina ka jefar da ita?"

Na kai ta bayan katanga. Ta tsuguna cikin shara, ta karyo busasshen reshe, ta ƙulle a bakin zaninta. Na durƙusa ina ba ta haƙuri. Ta ce wataƙila da ma zafin Bauchi zai kashe ta, amma da na gaya mata gaskiya. Da na ɗauki tukunyar zan tuge sabuwar, ta hana ni.

"Ci gaba da ba ta ruwa. Ita ba ta yi ƙarya ba."

Mama ta rasu tuni, Allah ya sa ta yafe mini har zuci. Kashe bishiyar jahilci ne, amma dasa wata a gurbinta da sanina na yi. Wadda na dasa ɗin, daga baya an mayar da ita ƙasa, yanzu ta wuce rufin gidan. In na bi layin a babur, ba na iya ɗaga kai.