Taku Arba'in na Mama Saratu

Har yau ban manta da ranar da Mama Saratu ta buga sandarta a kan teburina ba. A lokacin ina ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin asibiti a hanyar Kachia. Mu ba likitoci ba ne, muna ƙarƙashin shugabar asibiti, amma mutanen ƙauye Likita suke ce mana.

An ba ni aikin motsa jikin tsofaffi, Talata da Juma'a da safe. Tsarin a rubuce yake: na ɗaya awon jini, na biyu tashi daga kujera, na uku tafiya a tsakar asibiti. Makon farko mutum shida suka zo, suna zaton rabon magani ne. Mako na uku daga ni sai kujeru. Wani dattijo da na haɗu da shi a hanya ya ce, "Likita, tun ba a haife ka ba nake noman citta. Kai ne za ka koya mini tashi da zama?"

Ana nan sai ga Mama Saratu. Ita ce ke jan layin zumuntar mata a coci ranar godiyar girbi, da kwandon citta a ka, tana rawa har gaban bagade. Da damina ta faɗi, tun daga nan take dogara sanda. Kwamitin coci ya ce bana ta zauna, a ba Mama Rifkatu gaban layi. Fasto ya ce ba za ta ja layi ba sai dai in Likita ya sa hannu cewa za ta iya.

"Ɗana, sa hannu."

"Mama, ba na sa hannu a abin da ban gwada ba. Ajiye sanda, ki tashi."

Ta yunƙura, ta koma daɓas. Ta ce, "Kujerarka ce ba ta da kirki."

Na je coci na ƙirga daga ƙofa zuwa bagade: taku arba'in. Na ba ta sharaɗi uku: ta tashi sau biyar ba dafa komai, ta yi taku arba'in ba sanda, ta maimaita da kwando a ka. Saura mako bakwai ranar godiya.

Ranar Talata ta riga ni zuwa. Na fara "ɗaya, biyu", ta ce, "Ni ba 'yar firamare ba ce, sai da waƙa." Ranar Juma'a ta zo da mai buga musu tulu a kiɗan zumunta. Mama Rifkatu ta ji labari, ta zo kallon yadda Saratu za ta faɗi. Saratu ta ce, "Ke da ke neman wurina, taka mu gani!" Rifkatu ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta shiga. Sai ƙawayen wannan, sai ƙawayen waccan, har da dattijon nan manomin citta, wai ya zo raka matarsa ne. Kujeru suka ƙare, muka aro benci.

Shugaba ta leƙo. "Malam Yohanna, asibiti ne nan ko gidan biki?"

Na nuna mata rajista. Ta duba, ta ce, "A rage guɗa kawai."

Ranar gwaji Saratu ta wuce sharaɗi na ɗaya da na biyu. Da kwando a ka, a taku na talatin da takwas, ƙafa ta fara rawa, ta tsaya cak. Rifkatu ta ce, "Kawo kwandon, ƙawata, ki huta."

"Ki huta ke!"

Ta cika arba'in, ta ƙara uku don tsokana. Na sa hannu, bisa sharaɗin rabin kwando, kuma ina bayanta.

Ranar Lahadin godiya na bi ta a sunkuye, hannuwa a buɗe don in tare ta. Jama'a suka ɗauka sabuwar rawa ce, coci ya kaure da guɗa: "Likita ya shiga!" Kafin mu kai bagade, ni da ba na ko kaɗa kai a coci, na cashe da gaske. Ita kuwa ko tangaɗi ba ta yi ba.

Na zaci shi ke nan. Talata sai ga ta. "Kirsimeti na tafe, ɗana, kuma Rifkatu ba ta daina zuwa ba."

Ku da ke shigowa aikin nan, ku riƙe wannan. Tsoho ba ya tashi don an ce lafiya ce. Na ɗaya, ka tambaye shi ina yake so ya kai da ƙafarsa. Na biyu, ka je ka ƙirga takun. Na uku, ka nemo masa Rifkatunsa.