An Sayar da Mataccen Iri da Sunana

Edita, ina yi maka sallama, ina kuma roƙon ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai. A shekarun da suka biyo bayan zaman Dutse babban birnin jiha, ni matashin ɗan kasuwa ne mai shagon irin shuka da maganin feshi. Ɗan manoma ne ni daga wani ƙauye a ƙasar Jahun, karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni farin jini. Ina ƙulla irin gero da dawa da gyaɗa da riɗi a ƙananan buhuna, kowanne da sunan shagona da hatimina a jiki. Har ta kai manomi idan ya ga hatimin nan ba ya ko kwance bakin buhu ya duba, ya biya ya ɗaura a keke ya tafi.

Ba ni kaɗai na gina wannan suna ba. Akwai wani malamin gona, Kirista, mutumin Filato, da aikin gwamnati ya kawo shi Dutse da iyalinsa. Ya girme ni, ina ce masa Malam, shi kuma yana ce mini ƙanena. Idan ya tashi daga ofis sai ya biyo shago, ya cire takalmi ya zauna a tabarma mu tantance iri. Shi ya koya mini kada in sayar da iri sai mun jiƙa kaɗan a tsumma mun ga ya tsiro. Har mabuɗin shagon yana da nasa. Da azumi ko ruwa ba ya sha a gabana, da Kirsimeti matarsa takan aiko wa maiɗakina shinkafa da cincin, da babbar Sallah kuwa a gidana 'ya'yansa suke yini suna jiran suya. Mukan zauna a bakin shago da la'asar, duwatsun garin sun fara jefo inuwa, yana ba ni labarin gonakin dankalin garinsu da irin sanyin da ni ban taɓa ji ba. Yakan ce wata rana sai ya kai ni na gani da idona.

Lokacin kowa a Dutse kwangila yake nema. Sai wani mutum ya fara zuwa shagona, mai babbar riga da ƙamshin turare, bakinsa kamar zuma. Ya ce yana da hanya a sakatariya, za a raba wa manoma iri, kuma ni ya ga ya dace a ba wa kwangilar. Abin da ake bukata kawai shi ne takardar rajistar shagona, da ƙananan hotunana, da hatimi, da buhu guda na samfuri. Da na gaya wa Malam sai ya girgiza kai, ya ce shi a ma'aikatar gona yake, bai ji wannan zance ba, kuma hatimi ba abin da ake bayarwa aro ba ne. Ni kuwa zuciyata ta riga ta hango mota. Na ɗauka Malam tsoro ne irin na ma'aikacin albashi. Na ba mutumin komai a ɓoye. Bayan 'yan kwanaki ya dawo mini da kayana cif, ya ce an ɗage rabon, in ƙara haƙuri. Daga nan ban sake ganinsa ba, ni ma na manta da shi.

Da damina ta sauka aka yi shuka, sai mutane suka fara zuwa shagona da fushi. Wanda ba zan manta ba wani dattijo ne daga wajen Kafin Hausa. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye buhun da babu komai a gabana, ya ce a kasuwar ƙauyensu ya saya wajen wakilina, ya zuba shi duka a gonarsa saboda ya ga sunana, ga shi maƙwabtansa suna noman fari shi gonarsa fili ce fetal. Ya tambaye ni me zai ce wa iyalinsa da kaka. Na ɗauki buhun na juya, sunana ne, hatimina ne, ni kuwa ban taɓa naɗa wakili a ko'ina ba. Ashe abin da aka sayar musu tsohon hatsi ne da ƙwari suka cinye aka shafa masa jan gari kamar na maganin iri aka ƙulla.

A nan na yi abin da nake kuka da shi har yau. Kaina ya ɗaure, sai wasu maƙwabtan shago suka fara raɗa mini cewa wa yake da mabuɗin shagon in ba baƙon nan ba, wato Malam. Maimakon in tuna da mai babbar riga, ko in ce na tuna amma kunyar faɗin wautata ta hana ni, sai na bi maganarsu. Da Malam ya zo da yamma, a gaban jama'a na ce masa ya ci amanata. Ya tsaya yana kallona kamar bai gane harshen da na yi magana da shi ba. Sai ya ciro mabuɗin daga aljihu ya ɗora a kan buhu, ya ce Allah ya bayyana gaskiya, ƙanena. Ya sa takalminsa ya tafi.

Ba a jima ba manoman suka kai ƙara, 'yan sanda suka tafi da ni. Aka ce sai ma'aikacin gwamnati ya tsaya mini kafin a ba da belina. Masu raɗa mini magana babu wanda ya leƙo. Da aka fito da ni, wa zan gani a zaune a benci in ba Malam ba. Ashe maiɗakina ce ta je wurin matarsa tana kuka, shi kuwa ko gardama bai yi ba ya zo ya tsaya mini. Na so in riƙe hannunsa, girman kai ya riƙe ni. Na ce a raina sai maganar ta lafa zan je har gida in ba shi haƙuri yadda ya kamata.

Na sayar da babur ɗina da gonar gadona na rage wa manoman asara, duk da haka hatimina ya mutu, ko kyauta na ba da iri ba mai karɓa. Sai da aka kusa shekara aka kama mai babbar riga a kasuwar Garki yana sayar da taki na jabu da sunan wani. A jakarsa aka samu hatimai da ya sassaƙa na mutane daban-daban har da nawa, da katin shaida mai ɗauke da sunana da sunan shagona amma da hotonsa. Ranar da na ji, ban ko rufe shago ba na nufi gidan Malam. Na tarar wasu mutane daban sun tare a gidan. Lokacin ana ta zancen fara aiki da shari'ar Musulunci, baƙi da yawa hankalinsu bai kwanta ba, wasu sun koma gida. Maƙwabcinsa ya ce mini da farko Malam cewa yake ba inda za shi, yana da ɗan'uwa a garin nan. Daga baya ne ya daina faɗin haka, ya nemi canjin wurin aiki ya kwashe iyalinsa.

Na je Jos nemansa. Sai a tasha na gane cewa duk zaman da muka yi ban taɓa riƙe sunan ƙauyensu ba. Na yi ta tambaya a majami'u da ofisoshin gona har kuɗin motata ya kusa ƙarewa, na dawo. Kasuwa ta farfaɗo a hankali da wani sabon suna, yau alhamdulillahi ina ci ina ciyarwa. Amma har yanzu idan baƙo mai harshen mutanen Filato ya shigo shagona, sai na tsare shi da tambaya.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, takardun shagonku da hotunanku da hatiminku su ne ku. Kada ku miƙa su ga wanda ya zo da alkawari, ku taka da ƙafarku ku je ofishin da ya ambata ku tambaya. Ku riƙa zagaya kasuwanni kuna ganin abin da ake sayarwa da sunanku, ku kuma sanar da masu sayen kayanku inda ake samunku. In kuwa masifa ta auku, ku fara binciken kanku kafin ku nuna wani da yatsa. Ɓarawon nan sunana kawai ya sata, aminina kuwa ni na kore shi da bakina. Malam, in kana raye kuma wannan mujalla ta kai hannunka, gaskiya ta bayyana tuntuni. Ka yafe wa ƙanenka.